Na'urar eksire ba ta ɗaukar hoton atam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu fara buɗe shafinku na kimiyya kafin su waiwayi na siyasa, saboda haka ƙorafin da na zo da shi na ɗan gida ne. Kwanakin baya kun buga wani bayani kan yadda masu bincike ke gane ma'adinai da magunguna, inda marubucin ya ce ana sa abu a na'urar eksire ta ɗauki hotonsa, a ga yadda ƙwayoyin atam suka jeru a ciki. Na fahimci abin da yake son faɗi, na kuma san shafin jarida ba ya ɗaukar doguwar lacca. Amma wannan tunanin, cewa na'ura ta gani da idonta ta faɗa mana, shi ya taɓa cinye mini wata bakwai na ƙuruciyata, kuma shi nake gani yau yana cin ɗalibaina. Don haka a yi mini haƙuri in ja zancen.

Ni malamin ilimin sinadarai ne, ritaya ta kusa. A farkon shekarun 1990 na yi karatun digirina na uku a Ingila, kuma rabin aikina a ɗakin na'urar nan na yi shi. Abin da ake yi shi ne, ka samu ƙwayar kiristal guda ɗaya, wato daskararren abu irin ƙwayar gishiri da atam ɗinsa ke jere bisa tsari, wadda ba ta kai ƙwayar sukari girma ba, kamar kashi biyu ko uku cikin goma na milimita. Ka zauna gaban madubin ƙara girma kana riƙe numfashi, ka manna ta a kan tsinin siririn gilashi da ɗan gam. Sai a harba mata siririn hasken eksire. Galibin hasken ya wuce abinsa, kaɗan daga ciki kuma ya karkace ya fita ta wasu keɓaɓɓun kusurwoyi. In ka tara fim a baya, abin da za ka gani ɗige-ɗige ne, wani baƙi ƙirin, wani da ƙyar ake ganinsa. Max von Laue da abokan aikinsa biyu, Friedrich da Knipping, su suka fara ganin waɗannan ɗige-ɗige a Munich ta ƙasar Jamus a 1912. Shekara guda bayan haka William Bragg da ɗansa Lawrence suka yi amfani da su wajen gano tsarin gishirin da muke ci. Na'urar da na yi aiki da ita ba ta ma amfani da fim, ɗigo ɗaya bayan ɗaya take bi tana ƙirga ƙarfin haskensa, kwana huɗu ko biyar ba dare ba rana. Abin da take miƙo maka a ƙarshe doguwar takarda ce mai layi dubbai. Kowane layi lambobi uku ne da ke nuna adireshin ɗigon, sai ƙarfinsa, sai gwargwadon shakkar da ke cikin awon. Shi ke nan. Wancan kyakkyawan zane na ƙwallaye da sanduna da ake gani a littattafai, mutum ne ya gina shi da lissafi, ya yi ta gwada shi da lambobin har suka yi kusan dacewa.

Kafin ka aza tubali ɗaya na wannan ginin, dole ka yanke hukunci kan yadda tsarin ke maimaita kansa. Duba aikin hula ko saƙar tabarma: ɗan zane ɗaya ne ake maimaitawa, wani wuri a juya shi, wani wuri a kifa shi. Kiristal ma haka yake, sai dai nasa maimaicin ta tsawo da faɗi da zurfi ne. Masana lissafi, Fedorov a Rasha da Schoenflies a Jamus, sun tabbatar tun 1891 cewa hanyoyin wannan maimaici 230 ne cif, ba ƙari ba ragi. Mu kira su rukunan tsari. Cikinsu 92 suna da abin da zan kira cibiya, 138 kuma ba su da ita.

Mece ce cibiya? Ka je shagon takalma ka buɗe kwali. Ƙafar dama da ta hagu a kwance suke kai da ƙafa, hancin wannan wajen dundunen wancan, tafin kowane yana kallon bangon kwalin da ke gefensa. Akwai wani wuri a tsakiyar kwalin wanda in ka ja layi daga kowane maɓalli ko ɗinki na takalmin dama ka ratsa ta wurin, ka ci gaba daidai nisan da ka taho, za ka faɗa kan irin wannan maɓallin na takalmin hagu. Wannan wurin shi ne cibiya. Mai shago bai san yana lissafi ba, shi dai ya san haka kaya suka fi shiga kwali, kuma ƙwayoyin sinadarai ma sun san da haka. A rumbun bayanan kiristal na Cambridge, wanda Olga Kennard ta kafa a 1965 kuma ya haura tsari miliyan ɗaya a 2019, rukunan da suka fi kowane yawa guda biyu ne, dukansu masu cibiya. Gishiri yana da cibiya. Sukari ba shi da ita, ba kuma zai taɓa samu ba, domin ƙwayoyinsa duk na ƙafa ɗaya ne, kamar kwalin da aka cika da takalman dama zalla. Furotin ɗin jikinmu ma haka, shi ya sa cikin rukunan nan 230 guda 65 kawai yake iya shiga.

Wani zai ce ina ruwan mai karanta jarida da cibiyar kiristal. To ga ruwansa. Agogon da ke hannunka, in mai batir ne, akwai ɗan yankin dutsen kwaz a cikinsa da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya. Yana yin haka ne don ba shi da cibiya: in ka matse shi ya ba da lantarki, in ka ba shi lantarki ya motsa. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan a 1880. Kiristal mai cibiya ba ya yin haka ko za ka kwana kana matsa shi. Dutsen tomalin da ake haƙowa a wasu jihohinmu, in ya ji zafi sai ya riƙa jawo toka, nan ma rashin cibiya ne. Koren hasken leza da malamai ke nuna allo da shi, a galibinsu asalinsa haske ne da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 1064, wani kiristal maras cibiya ke mayar da shi 532, wato kore. Ka ga ashe tambayar tana da kuɗi a cikinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ɗige-ɗigen nan suna ɓoye amsar. Georges Friedel ya nuna tun 1913 cewa kowane ɗigo yana da abokinsa a ɗaya ɓangaren mai ƙarfi iri ɗaya da nasa, ko kiristal ɗin yana da cibiya ko ba shi da ita. Wato na'urar tana liƙa wa kowa cibiya. Daga baya an gano akwai ɗan bambanci ƙalilan tsakanin abokan biyu idan akwai atam mai nauyi a ciki, kuma da shi Bijvoet ya yi amfani a Utrecht ta ƙasar Holan a 1951 ya bambance sinadarin dama da na hagu. Amma bambancin siriri ne, ba kullum yake fitowa fili ba. Akwai kuma wata alamar, wato giɓi: wasu ɗige-ɗige da ya kamata a gani sai a tarar babu su, kuma rashin nasu yana bin ƙa'ida, misali kowane na biyu a wani layi. Giɓin nan yana rage yawan rukunan da kake zargi, wani lokaci har ya bar maka ɗaya tal. Sau da yawa kuwa biyu yake bar maka, ɗaya mai cibiya ɗaya maras ita, giɓinsu iri ɗaya sak. Kanwar da matanmu ke jefawa a miyar kuka, babban ma'adinin da ke cikinta, wanda ake kira tirona, yana rukunin da ake kira C2/c ne mai cibiya, amma giɓinsa daidai yake da na rukunin Cc maras cibiya. A mafi sauƙin rukunai kuwa, P1 maras cibiya da P-1 mai cibiya, babu giɓi ko ɗaya da zai taimake ka.

Wanda ya fitar da mu daga wannan duhu wani ɗan Kanada ne, Arthur Wilson, da ke koyarwa a Cardiff. A 1949 ya ce a daina tambayar ɗigo ɗaya, a tambayi taron gaba ɗaya. Ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina hujjarsa, kuma ban taɓa samun wanda bai gane ba.

Kowane ɗigo, duk ƙwayoyin atam da ke cikin tubalin kiristal, wato ɗan yankin nan da ake maimaitawa, su ne suka yi karo-karo suka haɗa shi. Ka ɗauka kowane atam yana ba wani yaro da aka ɗaure wa ido umarnin taku ɗaya. Tsawon takun ya danganta da yawan ilektiron da atam ɗin ke da shi, inda za a fuskanta kuma ya danganta da wurin da yake zaune. In kowa ya gama ba da umarninsa, sai a auna nisan yaron daga inda ya tashi. Wannan nisa, in ka ninka shi da kansa, shi ne ƙarfin ɗigon. A kiristal maras cibiya, yaron a filin idi yake: gabas, yamma, kudu, arewa da duk abin da ke tsakaninsu. Hanyoyin ɓata sun yi yawa, da wuya ya ƙare daidai kan sawunsa na farko. A mai cibiya kuwa kowane atam yana da abokin tafiya. In wannan ya ce gaba da ɗan karkata dama, abokin sai ya ce gaba da ɗan karkata hagu, karkatar ta kashe juna. Yaron ya zama kamar yana cikin siririn lungu na cikin birni, ko gaba ko baya. A cikin lungu kuwa, wurin da ya fi yiwuwa a tsince shi bayan ya gama kai-komonsa shi ne kusa da inda ya fara. Sannan in tafiyar ta yi sa'a ta miƙe, nisan da zai yi ya fi na mai yawo a fili. Ma'ana, kiristal mai cibiya yana da raunanan ɗige-ɗige da yawa, yana kuma da 'yan ƙarfafa sosai. Maras cibiya kuwa jama'arsa sun fi taruwa a tsaka-tsaki.

Abin ya wuce misali, lambobi ne tsararru. In ka ɗauki ɗige-ɗige ɗari ka tambaya guda nawa ne ƙarfinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na matsakaici ba, mai cibiya zai ba ka kusan 25, maras cibiya kusan 10. Waɗanda ba su kai rabin matsakaici ba, 52 ne da 39. Waɗanda suka haura matsakaici sau uku, 8 ne da 5. Howells da Phillips da Rogers, su ma a Cardiff, suka mayar da wannan gwaji na zane a 1950: layuka biyu a takarda, ka ɗora naka ka ga wanne ya bi. Phillips ɗin nan shi ne David Phillips da ya zo ya gano tsarin furotin lisozim a 1965. Akwai ɗan sharaɗi: ƙarfin ɗige-ɗige yana raguwa yayin da kusurwa ke buɗewa, wani ɓangare saboda atam ba ya zama shiru, kullum cikin rawar ɗari yake. Don haka kowane ɗigo da tsararrakinsa na kusurwa ɗaya ake auna shi, dabarar da Wilson ɗin ya fitar tun 1942. Manhajojin yanzu suna dunƙule duk wannan a lamba ɗaya, wadda ake so ta kusanci 0.968 in akwai cibiya, ko 0.736 in babu. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya haddace lambobin nan biyu kamar lambar wayar gidansu.

To yanzu ga abin da ya same ni. Aikin da aka ba ni shi ne in haɗa sababbin sinadarai marasa launi da za su iya mayar da hasken leza kore, wato marasa cibiya nake nema ido rufe. Shekara ɗaya da rabi duk abin da na haɗa sai ya fito da cibiyarsa. Kuɗin tallafin karatuna yana ƙarewa, wasiƙun gida kuma kowacce da tambayar yaushe za ka dawo. Rannan na samu wasu ƙwayoyi farare tas daga wani haɗi na ƙarfen kadmiyam, sun fito a gindin kwalba bayan mako uku a cikin kabad. Aka auna, babu giɓi, wato ko P1 ko P-1. Kwamfuta ta yi lissafinta ta ba da lamba kusa da 0.77. Ranka ya daɗe, ban tsaya tambayar komai ba. Na ce ai na'ura ta faɗa, babu cibiya. A daren har shinkafa da kaza na dafa na kira abokai.

Na gina tsarin a P1, ya kuma ginu. Har ma lambar da ke nuna dacewar gini da awo ta yi kyau ƙwarai, abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ban lura ba cewa dole ta yi kyau, tunda na ninka yawan abubuwan da kwamfuta ke da izinin murɗawa. Alamun ciwo kuwa suna nan a fili, ni ne na ƙi gani. A zoben benzin kowace mahaɗa tsakanin kabon da kabon kusan angistiram 1.39 take, angistiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na milimita. A nawa ginin, wata mahaɗar ta fito 1.33, takwararta ta ɗaya gefen ƙarfen ta fito 1.45. Kullum haka, in wannan ta gajarce waccan ta tsawaita, in ka haɗa su ka raba biyu sai ka samu daidai. Maimakon in tsorata, sai na zauna na rubuta shafi huɗu ina bayanin dalilin da ya sa kadmiyam ke jan zobe ɗaya ya saki ɗaya. Har yau in na tuna shafukan nan sai kunya ta kama ni. Son zuciya ɓacin zuciya.

Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin na'urar, ba farfesa ba ne, ba shi ma da digiri na uku, amma ya shekara talatin yana wannan aiki. Na kai masa zanen ina taƙama. Ya sa tabarau ya dube shi kamar minti ɗaya, ya ce, "Ɗana, ina ƙarfenka yake zaune?" Na nuna masa. Ya ɗauki rula ya aza daga wani atam na nitirojin ya ratsa ta kan ƙarfen, sai ga wani nitirojin a ɗaya gefen, nisa ɗaya. Ya sake da oksijin, haka. Bai ce mini na yi kuskure ba. Cewa ya yi, "Ɗige-ɗige nawa ka zubar?" A lokacin al'ada ce a yar da duk ɗigon da ƙarfinsa bai kai ninki uku na shakkar awonsa ba, a ce ba a gan shi ba. Na duba, na zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ya ce in dawo da su, in kuma zana layin Howells da hannuna, da fensir, a takarda mai gidaje.

Kwana biyu na yi a kai, kuma a kwana biyun nan na fahimci abin da karatun shekara biyu bai koya mini ba. Lissafin Wilson yana da sharaɗi: ƙwayoyin atam su kasance da yawa, nauyinsu kusan ɗaya, kuma a warwatse. Kabon ilektiron 6 gare shi, kadmiyam 48. Tunda ƙarfin ɗigo da ninkin lamba a kanta yake tafiya, kadmiyam ɗaya yana da muryar kabon 64. Ga shi kuma nawa yana zaune daram a kan cibiyar. Koma ga yaron nan na cikin lungu: kafin kowa ya yi magana, wani ƙato ya riga ya ba shi umarnin doguwar tafiya gaba, kuma a kowane ɗigo umarnin nan ɗaya ne. Sauran ƙananan sai su ɗan tura shi gaba ko baya, amma da wuya su iya dawo da shi mafari. Raunanan ɗige-ɗige suka yi ƙaranci, kamar dai babu cibiya. 'Yan kaɗan da suka rage, waɗanda su ne shaidun gaskiya, ni kuma na kore su daga kotu da hannuna. Dalilin da ya sa su ne shaidu kuwa mai sauƙi ne. In yaro ya yi nisan taku ɗari a gaba, ɗan gocewarsa gefe da taku ɗaya ba ya canza nisansa da komai. In kuwa ya dawo daidai mafari, wannan taku ɗayan shi ne dukan nisan. A raunanan ɗige-ɗige ne kaɗai ake gane ko yaron a lungu yake da gaske, ko a fili yake yana kwaikwayon lungu.

Duk da haka ban sallama ba sai da muka je ɗakin leza. Akwai gwajin da Kurtz da Perry suka fitar a 1968: a niƙa kiristal ya zama gari, a harba masa hasken 1064, a duba ko kore zai fito. Abin da ake gwadawa da shi a matsayin ma'auni zai ba manomanmu dariya, yuriya ce, irin ta takin zamani, sai dai tatacciya, domin ita ba ta da cibiya. Muka sa tabaran kariya, aka kashe fitila, aka sa garin yuriya. Na'urar awo ta yi tsalle, ga ɗan koren haske a jikin gilashin. Aka sa nawa. Shiru, kamar an shuka dusa. Na koma na sake ginin a P-1, mahaɗan nan duk suka dawo 1.38 da 1.39 abinsu, shafukana huɗu suka tafi kwandon shara.

Ban kaɗaita a wannan ba, kuma wannan ne ya ɗan sanyaya mini rai. Richard Marsh na Caltech a Amurka ya shafe shekaru, tun daga wajen 1980, yana bin tsare-tsaren da aka riga aka buga a manyan mujallu yana gyara musu rukuni, ɗaruruwa, kuma da yawansu irin nawa ne, cibiya ce aka tsallake. Har sunansa ya zama abin tsoro a tsakaninmu, in aka ce an yi wa wane Marsh, kowa ya san an kwance masa zani a kasuwa. Shi ma abin da ya yi ta nanatawa ke nan, a daina zubar da raunanan ɗige-ɗige. Yau manhajar SHELXL ta George Sheldrick tana aiki da dukkan awon, PLATON ta Ton Spek kuma tana farautar cibiyar da aka manta.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen ma. Atam biyu masu nauyi iri ɗaya, duk inda ka ajiye su, tsakiyarsu cibiya ce a wurinsu, sai su rinjayi sauran su sa kiristal maras cibiya ya yi kama da mai ita. Sannan ga tagwaye. Wani lokaci abin da ka ɗauka ƙwaya ɗaya ce ashe biyu ne suka girma a manne, ɗaya a juye, ɗigon wannan ya hau kan na wancan. Kamar ka haɗa amfanin gonar da ta yi kyau da na wadda ba ta yi ba ka raba daidai: babu mai yawa sosai, babu mai kaɗan sosai. Akwai wani ma'aunin da ke ba da 3 ga mai cibiya, 2 ga maras cibiya, in kuwa ka ga ya sauko wajen 1.5, tagwaye ne rabi da rabi. Masu aikin furotin, da yake sun san nasu ba ya da cibiya tun asali, wannan farautar tagwayen suke yi da ƙididdigar Wilson.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Malam Edita, bai tsaya ga jumla ɗaya a jarida ba. Ɗalibanmu na manyan digiri da ke haɗa sababbin sinadarai, da yawansu waje suke aika ƙwayoyinsu a auna musu, da kuɗin aljihunsu ko na iyayensu. Bayan wata biyu ko uku sai saƙon imel ya zo da kyakkyawan zane da teburin lambobi, yaro ya kwafe ya liƙa a kundinsa. A bara na zauna jarrabawar baka ta wani ɗalibi mai ƙoƙari, sinadarinsa na jan ƙarfe, an rubuta masa Cc. Na ce me ya sa ba C2/c ba? Ya ce, "Malam, haka sakamakon ya zo." Na ce ina fayil ɗin ɗanyen awon, mai lambobin ɗige-ɗige? Bai san akwai wani abu mai wannan suna ba, waɗanda suka auna masa ba su aiko ba, shi kuma bai tambaya ba. Mai yiwuwa rukunin nasa daidai ne. Amma ba shi da hanyar sani, ni ma da nake jarraba shi ba ni da ita. Ban ga laifinsa ba, don ni da nake tsaye a gaban na'urar da ƙafata na faɗa ramin, balle shi da ko ganinta bai taɓa yi ba.

Ba na cikin masu cewa sai mun sayi na'ura kafin mu iya wannan ilimi. Na'urar tana da tsada, tana son wutar da ba ta ɗaukewa, kuma har yau duk faɗin Afirka babu babbar tashar hasken sinkirotiron, mai ba da eksire mai tsananin ƙarfi, ko ɗaya, ga Jodan ta buɗe tata, SESAME, tun 2017. Wannan zance ne na gwamnatoci. Amma gwajin Wilson ba ya bukatar komai sai fayil ɗin awon da ƙaramar kwamfuta, kai ko fensir da takarda mai gidaje sun isa. Abin da nake roƙon abokan aikina masu duba kundin ɗalibai shi ne, duk wanda zai biya kuɗi a auna masa kiristal, a sa shi ya rubuta tun farko cewa yana son ɗanyen awon gaba ɗaya, har da raunanan ɗige-ɗigen. Ya zana layin nan da kansa ya sa a kundin. Ya faɗi atam mafi nauyi a sinadarinsa da inda yake zaune. In rukuninsa na cikin masu abokin giɓi ne, ya gwada ginin a duka biyun ya nuna mana tsawon mahaɗan. Sassan sinadarai kuma su daina barin ɗalibai suna gudun darasin ƙididdiga kamar gudun dodo. Ni ma na guje shi a digirina na farko, na ce ai ni ba lissafi na zo yi ba.

Ku kuma a shafinku, in zancen ya sake tasowa, ku ce na'urar tana auna ƙarfin ɗige-ɗigen haske, masu bincike kuma su gina tsarin daga awon. Jumlar ba ta fi waccan tsawo ba. In kuna da fili wani makon, ina da labarin Dorothy Hodgkin, wadda ta gano tsarin fenisilin da bitamin B12 da insulin ta wannan hanya, wadda kuma labarin kyautarta ta Nobel ya riske ta tana ƙasar Gana a 1964. Zan rubuto muku shi a shafi ɗaya, na yi alkawarin ba zai kai wannan tsawo ba.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
wani malamin ilimin sinadarai,
daga Funtuwa